Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Tsara Jinyar Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Kada A Raba Mutum Ɗaya Layi Uku

Zuwa ga shugabannin sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da 'yan'uwanmu ke zuwa, da malaman da ke horar da masu jinya ta hanyar tattaunawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina miƙa maku godiya kan ɗawainiyar da kuke yi da marasa lafiyarmu. Mun ga yadda ma'aikatanku ke wuni suna sauraron baƙin cikin mutane, su koma gida da shi, gari ya waye su dawo. Allah Ya saka da alheri.

Ni yaya ce ga wani saurayi da ya shafe shekara huɗu yana zuwa wurinku. Ina rubuta wannan takarda a madadin iyaye da mata da mazaje da 'yan'uwa da muka san juna a bencin jira, tare da wasu daga cikin marasa lafiyar da kansu, waɗanda suka karanta ta kafin in aiko, suka kuma amince da abin da ke ciki.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne sanarwar sabon tsarin da kuka fitar: daga yanzu kowane mara lafiya za a rubuta shi ƙarƙashin sunan ciwo ɗaya, a sa shi a layin wannan ciwon, a haɗa shi da mai jinyar da ya ƙware a kansa, kuma duk wanda ke da ciwo na biyu sai ya kammala zaman na farko sannan ya koma ya sake kama layi. Mun fahimci dalilinku. Kuna son lissafi ya daidaita, kuna son kowa ya ga gwani. Niyyar mai kyau ce, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuma mun riga mun ɗanɗani wannan tsari tun kafin ya zama doka, domin a aikace haka ake yi mana tun da daɗewa.

Kukanmu na farko shi ne, tsarin ya ɗauka cewa mai ciwo ɗaya tak shi ne ainihin mara lafiya, mai biyu ko uku kuwa tsautsayi ne. Binciken fanninku bai nuna haka ba. A babban binciken da Ronald Kessler da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2005, wanda aka yi hira da mutum sama da dubu tara, cikin waɗanda aka samu da matsalar ƙwaƙwalwa a wata goma sha biyu kafin hirar, kashi 45 cikin ɗari suna da biyu ko fiye. Binciken Dunedin na ƙasar New Zealand ma ya fi wannan ratsa zuciya, domin jarirai 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973 aka riƙa bi har suka manyanta. Da suka kai shekara 45, rahoton Avshalom Caspi da Terrie Moffitt da abokansu na 2020 ya nuna cewa cikin waɗanda suka taɓa samun matsala, kusan kashi 85 cikin ɗari ba su tsaya a kan guda ɗaya ba, kuma sunan ciwon yakan sauya da shekaru. Wanda yake da fargaba yana yaro, sai a gan shi da ciwon damuwa yana saurayi, daga baya wataƙila da shaye-shaye.

Haka ta faru da ƙanena. Da rashin bacci ya fara. Bayan wata shida sai firgici: zuciyarsa ta riƙa bugawa, gumi ya karyo masa, ya rantse mutuwa ce ta zo. Aka rubuta masa suna, aka yi masa zama goma sha biyu, firgicin ya lafa, aka sallame shi da murna. Ba a yi wata huɗu ba waswasi ya kama shi, ya koma duba ƙofa sau bakwai kafin ya kwanta. Sabon suna, sabon layi, sabon mai jinya, ya sake ba da labarin rayuwarsa daga farko. Kafin layin ya zo kansa ya daina fita, ya bar aiki, aka ƙara masa suna na huɗu, wato ciwon damuwa. Kowane mai jinya ya yi aikinsa da gaskiya, ban ga laifin ko ɗaya ba. Sai dai kowane lokaci an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Wannan ya kawo ni kuka na biyu, wanda shi ne zuciyar wannan takarda. Sunayen huɗu ne, amma abin da ƙanena yake yi idan hankalinsa ya tashi bai taɓa canjawa ba. Wata mai jinya a cikinku ce ta fara nuna mana haka, a shekara ta huɗu. Ba ta tambaye shi sunan ciwonsa ba a zaman farko. Ta ɗauko farar takarda ta ce, "Faɗa mini, idan abin ya taso maka, me kake yi?" Kafin a tashi, abu uku ne kawai a takardar: yana gudu, yana saƙa da warwara, yana neman a tabbatar masa. Daga baya na gane cewa ba ita ta ƙirƙiro wannan duba ba. A 2004 masana huɗu, Allison Harvey da Edward Watkins da Warren Mansell da Roz Shafran, sun tattara binciken da aka yi kan cututtuka daban-daban, suka jera su gefe da gefe, suka ga hanyoyin tunani da ɗabi'u iri ɗaya suna ta maimaituwa a ƙarƙashin sunaye mabambanta. Shekara ashirin ke nan da ɗoriya.

Ku dubi gudu. Mai firgici yana gudun cunkoso, mai jin tsoron idon jama'a yana gudun taro, wanda ya tsira daga mummunan haɗari yana gudun hanyar da abin ya faru, mai ciwon damuwa yana gudun mutane ya kulle kansa a ɗaki, mai shaye-shaye yana gudun abin da yake ji a ransa. Duk aiki ɗaya gudun yake yi masu: yana kawo sauƙi nan take, wannan sauƙin kuma shi ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa lallai abin da aka guje wa haɗari ne. Tun 1947 Hobart Mowrer ya yi bayanin wannan tarko. Akwai ma gudu na ɓoye, wanda Paul Salkovskis ya ja hankali a kansa a 1991, wato ƙananan dabarun kare kai: mutum ya shiga taro amma ya zauna kusa da ƙofa, ko ya riƙe ƙwayar magani a aljihu ko da ba zai sha ba. Idan bai faɗi ba sai ya ce ƙofar ce ta cece shi, don haka bai taɓa samun damar ganin cewa dama ba zai faɗi ba. Ƙanena ya bar wata dabara a ɗakin jinyar firgici, ya ɗauki wata a ƙofar gida, babu wanda ya ce masa 'yan gida ɗaya ne.

Sai saƙa da warwara. Marigayiya Susan Nolen-Hoeksema ta yi rubutu a kai dangane da ciwon damuwa, a 1991, ta kira shi da sunan tuƙar da dabba ke yi, ta haɗiye ta dawo da shi ta sake taunawa. Me ya sa ni? Me na yi? Yaushe zan warke? Daga baya bincikenta ya nuna wannan tuƙa tana share wa fargaba da shaye-shaye da cin abinci ba ƙaƙƙautawa hanya. Mai damuwa jiya yake taunawa, mai fargaba gobe yake taunawa, amma bakin ɗaya ne. Edward Watkins ya ƙara da wani abu mai amfani: cutarwar tana cikin salon tunanin, domin "me ya sa" da ba ta da amsa tana nutsar da mutum, alhali "me ya faru daidai, kuma wane mataki zan ɗauka" tana fito da shi. Wannan abu ne da ake iya koya wa mutum sau ɗaya ya yi masa aiki a ciwo uku.

Akwai kuma yaƙi da tunani. Daniel Wegner ya gwada shi a 1987, ya ce wa mutane kada su tuna farin beyar na minti biyar, sai ga beyar ya cika masu kai, ya ma ƙara yawa bayan an ɗage hanin. Mai waswasi, da wanda mummunan abu ke dawo masa a ido, da mai juyi a gado yana umartar kansa ya yi bacci, duk wannan kokawa suke yi, duk kuma ita ke kayar da su.

Na uku a takardar ƙanena shi ne neman tabbaci, wato rashin iya zama da "wataƙila". Masu bincike a Jami'ar Laval ta Kanada, su Mark Freeston da Michel Dugas da Robert Ladouceur, sun auna shi a 1994 a kan masu yawan fargaba, daga baya aka same shi a waswasi da tsoron jama'a da tsoron cuta da ciwon damuwa. Mutum ba ya iya haƙuri da ɗan shakku, sai ya duba, ya sake dubawa, ya tambaya, ya shiga intanet ya bincika alamomin ciwo har asuba.

Ban manta da bacci ba, domin da shi aka fara. Shekara da shekaru ana ce mana rashin baccinsa alama ce kawai, in an warkar da babban ciwon zai tafi da kansa. Bai tafi ba. A 2017 Daniel Freeman na Jami'ar Oxford ya jagoranci gwaji da ɗalibai 3,755 na jami'o'in Birtaniya, aka yi masu jinyar rashin bacci kaɗai ta intanet, sai ga zargin mutane da jin muryoyi sun ragu, fargaba da damuwa ma haka. Ragin ba mai yawa ba ne, amma ya nuna cewa rashin bacci yana cikin masu hura wutar. A sabon tsarinku, wa zai kula da baccin mutumin da aka rubuta a layin waswasi?

Kuka na uku namu ne, mu iyalai. Shekara uku ƙanena yana kira na cikin dare ya ce, "Yaya, kin tabbata ba zuciyata ba ce?" in ce masa na tabbata. Da waswasi ya zo, tambayar ta koma, "Yaya, kin ga na kulle?" in ce na gani. Ina yi ne don ƙauna. Ban san cewa kowace amsa tawa tana ba shi sauƙin awa ɗaya ne ta kuma ƙara wa shakkunsa ƙarfi ba. An ba mu takardar bayani kan firgici, an ba mu wata kan waswasi, babu wadda ta ce mini ni ma ina cikin abin da ke riƙe ciwon. Ranar da aka yi mini bayani na yi kuka, sannan na koyi cewa, "Na ji tsoron da kake ji, ina nan tare da kai, amma ba zan amsa wannan tambayar ba." Wata uwa a cikinmu tana yi wa 'yarta mai tsoron cuta irin wannan hidima har yanzu, wani miji yana yi wa matarsa dukan sayayya don kada ta fita. Da an koya mana hanyoyin da ke ƙarƙashin sunayen, da darasi ɗaya ya ishe mu duka.

Kuka na huɗu saboda waɗanda ba su shiga kowane akwati ba. Ku kun fi mu sanin cewa sunayen nan yarjejeniyar masana ce. A kundin DSM-5 na 2013, wato littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka jera sunayen cututtuka da alamominsu, alamomin ciwon damuwa tara ne, biyar ake buƙata, ma'ana mutum biyu na iya ɗaukar suna ɗaya alhali alama ɗaya tak suka yi tarayya a kanta. Wanda ke da huɗu kuwa, ko da ya kasa tashi daga gado, bai cika sharaɗi ba. A wane layi za ku sa shi? Christopher Fairburn da Zafra Cooper da Roz Shafran sun gamu da wannan a matsalolin cin abinci. Sun ga marasa lafiya da yawa ba su dace da manyan sunayen ba, waɗanda suka dace kuma suna ƙaura daga wannan suna zuwa wancan. A 2003 suka ce a dubi abin da ya haɗa su, wato auna darajar kai da siffar jiki da nauyi, tare da son kamala fiye da kima da raina kai da kasa jure motsin rai, suka gina jinya ɗaya a kan haka. Akwai yarinya a cikinmu da aka mayar gida sau biyu don nauyinta bai faɗi yadda takarda ke so ba. Mahaifinta ne ya roƙe ni in sa wannan a wasiƙar.

Kuma sunaye suna da nauyi. Ranar da aka rubuta wa ƙanena na huɗu, ya ce mini, "Ashe ni duk jikina a lalace yake." Mutumin da aka ce masa yana da cuta huɗu yakan yanke ƙauna. Wanda aka ce masa yana da ɗabi'u uku da ya koya don kare kansa, kuma ana iya sauya su, yakan ga inda zai kama.

Na biyar ya shafi ma'aikatanku. Idan kowane ciwo yana da littafin jinyarsa, mai jinya ɗaya littafi nawa zai haddace, kuma gwanaye nawa kuke da su? David Barlow na Jami'ar Boston, wanda shi kansa ya rubuta irin waɗancan littattafai na ciwo ɗaiɗai, shi ne ya dawo ya tsara jinya ta bai-ɗaya ga matsalolin motsin rai. A gwajin da suka wallafa a 2017, da marasa lafiya 223 masu firgici ko fargaba ko waswasi ko tsoron jama'a, tsarin bai-ɗaya ya yi daidai da na ciwo ɗaiɗai wajen rage alamomi, har bayan wata shida, kuma waɗanda aka yi wa shi sun fi kai jinyarsu ƙarshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bi wannan hanya da shirinta na PM+, zama biyar, sau ɗaya a mako, wanda ma'aikatan da ba likitoci ba ke gudanarwa bayan horo: sassauta numfashi, warware matsala mataki-mataki, komawa harkokin yau da kullum, da ƙarfafa dangantaka da mutane. An gwada shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya, ba tare da an fara ware mutane bisa sunan ciwo ba. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 970 ne a duniya ke fama da matsalar ƙwaƙwalwa. Babu ƙasar da ke da gwani ɗaya ga kowane suna ga wannan adadi.

Kada a fahimce mu baibai. Ba mu ce a jefar da sunayen cututtuka ba. Mai ciwon da ke hawa da sauka tsakanin tsananin zumuɗi da tsananin damuwa dole a gane shi, domin maganinsa daban ne, kuma ba shi maganin damuwa shi kaɗai na iya tayar masa da zumuɗin. Mai jin muryoyi yana buƙatar likita da magani. Mai waswasi mai tsanani yana buƙatar wanda ya iya sa shi fuskantar abin tsoro ba tare da ya koma dubawa ba, dabarar da Victor Meyer ya fara a 1966. Kuma ba mu ce jinyar bai-ɗaya ta fi ba, gwajin Barlow daidai ya ce. To amma idan sakamako daidai ne, ɗaya hanyar kuma tana buƙatar layi uku da shekara uku, ɗayar layi ɗaya, ai zaɓin ba mai wuya ba ne ga wanda ke zaune a benci.

Saboda haka ga roƙonmu.

Muna roƙon a dakatar da sharaɗin komawa layi ga mai ciwo na biyu. Wanda ya fara da mai jinya ya ci gaba da shi, a kira gwani ya shigo ya taimaka idan buƙata ta taso, ba a tura mara lafiya ya fara daga tushe ba.

Muna roƙon a ƙara shafi ɗaya a takardar karɓar mara lafiya, bayan gurbin sunan ciwo: me yake guje wa, wane tunani yake taunawa, me yake yi don ya samu tabbaci, yaya baccinsa, wa ke taya shi a gida kuma ta yaya. A rubuta shi tare da mara lafiyar, da kalmominsa, a ba shi kwafi. Wannan shafi ya riƙa bin sa duk inda aka tura shi.

Ga malamai masu horarwa, muna roƙon a koyar da waɗannan hanyoyi tun a farkon karatu, kafin a shiga jera cututtuka babi-babi, domin ɗalibin da ya gane gudu da tuƙa da neman tabbaci zai gane su a duk fuskar da suka zo masa. A kuma horar da tsofaffin ma'aikata a kan tsarin bai-ɗaya aƙalla guda, tare da mai duba aikinsu a kai a kai.

A buɗe ƙofa ga wanda bai cika sharaɗin suna ba amma wahalarsa ta hana shi aiki ko karatu ko zama da iyalinsa. Gajeren shiri na zama biyar ko shida ya fi a ce masa ya dawo in ya ƙara tsanani. A daina ɗage jinyar rashin bacci zuwa ƙarshe.

A shirya wa iyalai zama ko da sau ɗaya a wata, a haɗa mu ba tare da an raba mu bisa sunan ciwon 'yan'uwanmu ba, a koya mana bambancin tallafi da taya gudu.

Sannan a sauya abin da ake ƙirgawa. Yanzu duk wanda alamomin ciwonsa na farko suka sauka ana rubuta shi cikin waɗanda suka warke, ko da ya dawo bayan wata huɗu da wani suna, sai a ƙirga shi sabon mara lafiya. A lissafinku ƙanena ya warke sau biyu a shekarun da ya rasa aikinsa. Muna so a riƙa bin mutum bayan wata shida da shekara guda, a tambaye shi ko ya koma harkokinsa.

A ƙarshe muna neman ku ba mu lokaci mu zauna da ku kafin tsarin ya fara aiki. Mu shida ne za mu zo, uku daga iyalai, uku daga marasa lafiya, ƙanena na cikinsu. Ya koma aiki wata biyar da suka wuce, yana kulle ƙofa sau ɗaya, kuma ya ce zai zo da farar takardar nan ku gani da idonku. Muna jiran amsarku a rubuce, tare da ranar da ta dace da ku.

Wassalam.

Taku cikin girmamawa,
Yayar wani mara lafiya, a madadin iyalai da marasa lafiyar da ke zuwa sashenku.